Amsa daga Kumasi: mu 'yan zango da maganar rufe wa baƙi ƙofa

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na karanta shi sau biyu. Ka ce: "Baffa, ku da kakanninku suka zo Gana da jaki da buhun kanwa, yaya aka yi ake jin wasunku cikin masu cewa baƙi sun yi yawa? Ashe wanda ya haye kogi shi ne zai kifar da kwalekwale?" Tambayar ta yi mini zafi kaɗan, amma tana kan hanya. Sai dai kafin in amsa, dole in koma kan labarin kakanka, don ina jin a Kano an ba ka rabinsa ne kawai.

Kakanka da mahaifina uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa. Duka biyun a Kumasi aka haife su, duka biyun goro suke saye su tura Arewa. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta fitar da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin. To wa ke da takarda a zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran waɗanda fatauci ya kawo? Mutanen da suka biyo hanyar Gwanja tun kafin Bature ya ja layi a taswira, waɗanda suka watse daga Salaga bayan yaƙin 1892, wa ya taɓa tambayarsu fasfo? Sai aka koma tonon asali, domin haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba. Mahaifina uwarsa Badagomba ce, haifaffiyar nan, sai ya tsira. Kakanka kuwa uwarsa daga Kano aka kawo ta amarya. Ya sayar da gidansa a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, ya ɗora iyali a babbar mota, ya nufi garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Dubun dubatar mutane suka fita haka, Yarabawa 'yan kasuwa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa masu aikin gonar koko. An ce za a samar wa 'yan ƙasa aiki. Abin da na gani da idona shi ne rumfuna a rufe da manoman koko suna neman leburori, kuma Busia kansa soja suka tumɓuke shi a Janairun 1972.

Ba a nan ma aka fara ba. Tun 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, babban jagoran zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, saboda suna tare da 'yan adawa. Maganarsu na gaban kotu majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu. Tun daga ranar zango ya gane cewa kalmar "baƙo" sanda ce da ake ajiyewa a bayan ƙyaure, sai siyasa ta yi zafi a ɗauko.

Kada kuma ka ɗauka ku can hannunku a wanke yake. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka taso, suka cika iyakar Aflao da tashar jirgin ruwa ta Tema, suka tarar da fari da gobarar daji a gida. Jakar nan mai zane da kuke zuba kayan lefe a ciki, ka san sunanta, daga nan ta samo shi. A cikin waɗanda aka koro har da yaran zangonmu, masu suna Sani da Garba, suna jin Hausa, suna salla. A nan ana ce musu 'yan Najeriya, a Legas aka ce musu 'yan Gana.

Yanzu ga yadda mu muke yi da baƙo, don shi ne ba ku sani ba. A zango ba a sauka haka kawai. Tun zamanin fatauci, duk wanda ya iso yana da mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ya ci bashi. In baƙo ya yi ɓarna, mai masauki ake fara kira. Shi kuma zai kai shi gaban sarkin ƙabilarsa, domin kowace al'umma tana da nata: Hausawa, Mosawa, Wangarawa, Zabarmawa, Fulani, Yarabawa. Sama da su ga Sarkin Zango, shi kuma yana kai gaisuwa fadar Manhyia wurin sarkin Tonawa, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Asantawa. Ƙasar tasu ce, mun san haka, ba mu taɓa jayayya a kai ba. Ko yau yaro ya sauko daga mota da jaka ɗaya ya shiga masallaci a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, bayan isha'i wani dattijo zai tambaye shi: daga ina, ɗan wa, wurin wa ka zo? Ba ƙiyayya ba ce, rajista ce irin tamu, kuma ta girmi hukumar shige da fice. In ya amsa da gaskiya ba zai kwana a waje ba.

Saboda haka idan ka ji ɗan zango yana cewa a sa ido a kan masu shigowa, galibi abin da yake nufi ke nan: a san kowa, wani ya tsaya masa. Amma ba zan rufe maka ba, akwai masu faɗa da wata manufa. Wasunmu tsoro ne ke magana a bakinsu. Duk lokacin da aka kama wani da laifi aka ce ɗan Najeriya ne, ko rikicin makiyaya ya tashi a Agogo, ko hukuma ta kwashe mabarata 'yan Nijar daga titunan Ankara (babban birninmu nake nufi, ba na Turkiyya ba), to washegari a ofis mu ake yi wa kallon sama da ƙasa. Sai mutum ya ɗaga murya a kan sabon zuwa don a shaida shi tsohon zama ne. Na fahimci dalilin, amma ba na tare da shi. A 1969 ba a tambayi kakanka shekara nawa ya yi ba.

Wasu kuma kasuwa ce kawai. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'in kasuwa, ta kuma ce baƙon da zai yi cinikin kaya sai ya zo da jarin dala miliyan 1, ya ɗauki ma'aikata 'yan Gana 20. Da ita ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA take kafa hujja in ta garƙame shagunan 'yan Najeriya a unguwar Suame ta nan Kumasi. Su kuma 'yan Najeriya su ce ai akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan 'yancin zirga-zirga da zama a ƙasashen juna. 'Yan kasuwar Gana su amsa: ina yarjejeniyar take sa'ad da Buhari ya rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, kayanmu suka maƙale a hanya? Kowa da gaskiyarsa a hannu, kowa kuma ya manta tasa ɓarnar. Ɗan zango mai rumfa a kasuwar Kejetia yana iya kasancewa a ɓangaren masu kulle shago, kuma ƙanin matarsa ne aka kulle wa.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne maganar katin ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya ce kai ɗan Gana ne idan ɗaya daga iyayenka ko kakanninka ɗan Gana ne. A takarda abin a fili yake. A layin rajista kuwa, mai suna Kwame zai wuce, mai suna Ɗanlami a ce ya faɗi garinsu. In ya ce Kumasi, a ce ba wannan ake nufi ba, garinku na asali. Jikata ta sha wannan tambayar, ita da Turancinta da harshen Tuwi sun fi Hausarta ƙarfi, Hausar ma irin tamu da kuke yi wa dariya, mai cewa "mace ya zo". Shi ya sa za ka ga a gidajenmu ana adana tsofaffin takardu kamar zinariya: rasit ɗin haraji, katin asibitin haihuwa, takardar sallamar kakan da ya yi wa Bature soja. Kuma shi ya sa ba ma wasa da zaɓe. Jam'iyyar NPP, magajiyar gidan Busia, ta daɗe tana ɗauke da tabon 1969 a zango, kuma ita ce a 2017 ta kafa ma'aikatar raya zanguna. Ƙuri'a ce ta jawo wannan, ba tausayi ba.

Ka kuma tambaya ko za ka iya zuwa ka gwada sa'a. Zo. Ka taho da fasfo ɗinka da katin rigakafin shawara, a buga maka hatimi a iyaka, kada ka bi 'yan acaɓa ta daji don ka rage kuɗi. Kana da kwana 90 ba biza. In za ka wuce haka, sai mu nemi izinin zama tun da wuri. Ni ne mai masaukinka. Ranar Juma'ar farko zan kai ka ka gaida manya, in ce ga jikan wane ya dawo, akwai tsofaffi biyu da har yanzu suke tuna shi. Daga nan mu bi ta layin gidan da ya sayar. Yana nan, an ɗora masa bene, amma bishiyar darbejiyar da ya dasa a ƙofa ba su sare ta ba.

Ka gaida mahaifiyarka da sauran mutan gida.