Rigar Lokacin Zafi ta Farko: Amsa ga Masu Koyon Ɗinki a Gida

Anti, barka da aiki. Na fara koyon ɗinki a gida, ina so in ɗinka wa kaina doguwar riga mara nauyi saboda zafi. Wani shifon mai furanni ya shiga raina sosai, ga kuma yadin auduga da bai kai shi kyau ba. Wanne zan saya?

'Yar'uwa, ki sayi audugar. Shifon ɗin ki bar shi sai hannunki ya faɗa. Ban ce ba za ki iya ba har abada, amma shifon yana da santsi, yana zillewa a ƙarƙashin almakashi, bakinsa yana warwarewa tun kafin ki kai shi kan keke, kuma idan kika yi kuskure kika farke, sawun allura yakan zauna a jikinsa. Ga shi shara-shara, dole sai an yi masa shafi, aiki ya zama biyu ke nan. Mafi yawan shifon da ake sayarwa ma poliyesta ne, wanda ba ya shan gumi. A ido kamar iska za ta ratsa shi, amma idan rana ta take sai ya manne a jiki.

Auduga kuwa inda kika ajiye ta nan take zama. Alli yana kama ta, tana karɓar guga, tana shan gumi, kuma tana yafe kuskure: ki farke, ki goge, ki sake. Ki nemi mara kauri wadda aka saƙa, kada ki ɗauki mai miƙewa irin ta singileti, domin ita sai da allura ta daban mai dunƙulallen baki. Lilin ma yana da sanyi kuma ba ya wahalar ɗinki, illarsa saurin yamutsewa. Akwai kuma biskos, wanda ake yi da itacen da aka niƙa aka sarrafa. Yana da sanyi, yana zubowa a jiki da kyau, amma shi ma yana da ɗan santsi, don haka na fi so ya zama rigarki ta biyu ko ta uku.

Kafin ki biya, ki ɗaga yadin ki fuskanci haske, ki sa tafin hannunki a bayansa. Idan kin ga yatsunki tar, zai buƙaci shafi. Idan kina shakkar ko auduga ce ta gaske, ki karɓi ɗan ƙyalle, a gida ki kusanta shi da wuta a kan faranti, da ruwa a kusa. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda mai ƙuna, ta bar toka mai laushi. Poliyesta narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Sai abin da masu koyo suka fi tsallakewa saboda ɗoki: ki wanke yadin, ki shanya, ki goge shi kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga da lilin da biskos duk suna tsukewa a wankin farko. Gara su tsuke yanzu da a ce kin gama riga ta zauna miki daidai, wanki ɗaya ta ɗage ta matse hammata. A wankin ne kuma za ki gane ko rininsa yana zuba. Game da zane, ƙananan furanni da suka watsu ko'ina sun fi miki sauƙi, suna ɓoye ɗinkin da ya ɗan karkace. Layi-layi da manyan zane sai an daidaita su a kowane haɗi, kuma suna cin yadi.

Ba ni da keke tukuna. Na ga mai kwamfuta da ke yin ɗinki kala-kala har fiye da ɗari, na ga kuma ƙarami mai sauƙi. Shin in daure in sayi babban tun yanzu?

A'a. Rigar da kike son yi ɗinki biyu take buƙata: miƙaƙƙe, da zigizag na rufe bakin yadi. Idan keken yana komawa baya don kulle ɗinki, kuma ana iya rage ko ƙara tsawon taku, ya wadatar. Kamfanoni irin su Singer da Brother da Janome duk suna da irin wannan. Tsohon keken ƙarfe na ƙafa ma yana ɗinka riga tsaf, duk da miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, sai dai ki rufe bakin da kalmasa. Wanda zan hana ki shi ne ɗan mitsitsin nan na roba da ake riƙewa a hannu. Ba ya jure aikin riga.

Kafin ki saya, ki tambaya ko akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a inda kike, kuma ki je da ƙyallen yadinki a gwada a gabanki. Kuɗin da ya ragu ki sa shi a almakashi mai kaifi wanda ba za a yanka takarda da shi ba, da tef, da fil, da alli, da zare mai kyau, da allurai lamba 70/10 na yadi mara nauyi da 80/12 na matsakaici. Dutsen guga kuwa ina lissafa shi a cikin kayan ɗinki. Duk haɗin da kika ɗinka, ki buɗe shi ki goge kafin ki wuce na gaba. Da wannan kaɗai ake bambance rigar da ta zauna da wadda ta yi kumbure-kumbure.

Yadi nawa zan saya, kuma wane salo ne ba zai ba ni wahala ba? Ina tsoron saka zif.

Ki bar zif a wannan karon, ba kya buƙatarsa. Ki zaɓi riga mai sakin jiki wadda ake zurawa ta ka, mai ɗan buɗewa daga ƙirji zuwa ƙasa, da hannu gajere wanda aka yanka tare da jikin rigar, don haɗa hannu a kafaɗa yana cikin abubuwan da ke gajiyar da mai koyo. Idan kina son ƙugu ya fito, ki sa roba ko ki ɗinka ɗamara da ragowar yadin. Ki auna zagayen kanki, ki tabbata wuyan rigar ya fi shi faɗi.

Yadin da aka saƙa ba ya miƙewa, saboda haka awon jikinki ba shi ne awon riga ba. Ki auna ƙirji da ƙugu da mazaunai ba tare da kin matse tef ba, sannan ki ƙara kamar inci 4 a zagayen ƙirji da na mazaunai don iska ta samu hanya, ban da santimita 1.5 na ɗinki a kowane gefe.

Yadi yakan zo da faɗin inci 45 ko 60, kuma yadi ɗaya inci 36 ne. A mai inci 45, ki ninka tsawon rigar sau biyu, gaba da baya, ki ƙara na kalmasa da na gyaran wuya. Idan rigarki inci 55 ce daga kafaɗa, kin tashi da 110, wato yadi uku da ɗan ɗori, to ki sayi uku da rabi saboda tsukewa da kuskure. Wajen yanka, tsawon rigar ya bi tsawon yadin, daidai da gefensa da ba ya warwarewa. Idan kika karkatar don ki yi tsimi, rigar za ta riƙa murɗewa a jiki bayan wanki, kuma babu gugar da za ta gyara ta. Ina ba ki shawara da gaske ki fara gwada salon a kan tsohon zanin gado, ki sa, ki zauna, ki ɗaga hannu, ki ga inda ya kama.

Zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi duk lokacin da na fara ɗinki. Keken ne ya lalace?

Da wuya. Cukurkuɗewar ƙasa galibi daga zaren sama take. Ki zare shi gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, sannan ki sake zurawa, domin sai ƙafar tana sama zaren ke shiga tsakanin faifan da ke riƙe shi. Ki sa sabuwar allura, ki share gashin yadi da ya taru a wajen zaren ƙasa, ki daidaita taku a kan milimita 2.5. Da za ki fara, ki ja zaruruwan biyu zuwa baya ki riƙe su har allura ta yi taku uku ko huɗu. Idan duk kin yi wannan bai daina ba, sai ki kai wa mai gyara.