Kunnena na ƙara in na cire iyafis

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, shekaruna 22. Kullum iyafis na kunnena, a mota da wajen karatu, har barci da shi nake yi, kuma waƙa ba ta yi mini daɗi sai na ƙure sautin. Kwanan nan in na cire shi sai in riƙa jin "tsiiii" a kunne, amma kafin safe ya tafi. Abin damuwa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin damuwa ne, kuma tafiyar da yake yi kafin safe ce take ruɗin mutane.

Can cikin kunne akwai wani sashe a nannaɗe kamar dodon koɗi, ɗauke da ƙwayoyi masu siraran gashi kusan 16,000. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana galabaitar da su, wannan "tsiiii" ɗin alamar sun wahala ce. Yau su farfaɗo, gobe su farfaɗo, wata rana wasu su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "f". Sai ka ga kana jin muryar mutum cikin hayaniya amma ba ka gane abin da yake cewa.

Lissafin ƙarfi da lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren sauti mai desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba. In ya kai 90, awa 4 ne kacal. A 100 kuwa, minti 20 a mako gaba ɗaya, kuma wayoyi da yawa suna kaiwa nan in an ƙure su. Hukumar ta ce matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin wannan haɗari.

Kada sautinka ya wuce kashi 60 cikin 100. In wanda ke gefenka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka rage. A mota ne ka fi cutuwa, domin kana gasa da ƙarar inji, don haka nemi iyafis mai toshe hayaniyar waje. Barci da shi kuwa, don Allah ka daina daga daren yau.

Tunda ƙarar ta fara maimaituwa, je ka ga likitan kunne a gwada jinka. Gwajin ba zafi, ba allura.