Jakar fata ko ta roba: wacce ce ba ta cutar da mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zana jakunkunan mata da takalma a Mabera, nan Sakkwato, ina ba dukawa su ɗinka mini. Wasu masu saye daga Abuja sun ce sun daina riƙe kayan fatar dabba saboda tausayi da kare muhalli, wai in koma fatar roba. Da gaske ta fi? Ba na son cin riba da abin da zai cuci wani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma biya ki wannan niyya. Shawarata ita ce kada ki bar fata, amma ki san wace iri kike saye, da hannun wanda ta fito.

Abin da ake kira fatar roba yadi ne aka shafe da robar PU ko PVC, kuma duka biyun daga man fetur ake samo su. Kin san yadda take yi a zafin Sakkwato na watan Afrilu: bakin jaka ya fara tsagewa, hannun ya riƙa saɓulewa yana manne wa mayafi. Baduku ba ya iya ceto ta, sai bola. A can ma ba ta ruɓewa, in kuma aka cinna wa PVC wuta hayaƙinta guba ne. Akuya kuwa ba don fatarta ake yanka ta a nan ba, don nama ne. Ko kin saya ko ba ki saya ba, mahauta za su yi fiɗa gobe da safe, kuma ranar Babbar Sallah fatun layya za su taru.

Fatar da ke hannunki ma ba ƙaramar dukiya ba ce. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya saboda laushin fatarta da ƙarfinta. Shekaru aru-aru fatake suna ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana kiranta fatar Maroko, ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Abin yana ci mini rai, domin har yau haka ake yi: fatar ta fita da araha, sunan wani ya hau kanta.

Inda masu sayenki suke da gaskiya shi ne wajen jima. Yawancin fatar duniya a yau da gishirin kuromiyam, wani sinadarin ƙarfe, ake jeme ta, hanyar da ta bazu tun bayan 1884 saboda sauri, kwana ɗaya ko biyu an gama. Idan masana'anta ba ta tace ruwanta ba, dattin yana gangarawa rafi, kuma mazauna bakin kogin Challawa a Kano sun daɗe suna kuka da wannan. Wani nau'in sinadarin yana sa ƙaiƙayi da gyambo a jiki, shi ya sa tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan ya kai miligiram 3 a kowane kilo.

Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke aiki. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da kartaji, wato wuƙar kankarar fata, a tausasa ta, sannan a tsoma a ruwan dakakkiyar bagaruwa ana juyawa ana matsewa, a ƙarshe a shafe ta da man gyaɗa. Jan launi daga karan dafi yake fitowa. Bagaruwa 'ya'yan itace ne da ake tsinta ba tare da an sare bishiyar ba, kuma fatar da aka jeme da ita tana komawa ƙasa idan ta gama aiki.

Gane ta ba wuya. Ki yanki ɗan ƙyalle ki dubi cikin yankan: ta bagaruwa ruwan ƙasa-ƙasa ce, ta kuromiyam kuwa sau da yawa za ki ga shuɗi-shuɗi mai toka. Ki ɗiga ruwa a inda ba a goge ba, ta bagaruwa za ta shanye wurin ya yi duhu. Idan kika kara wa ƙyallen ashana, roba narkewa take tana ɗiga, fata kuwa ƙauri take kamar na gashi.

Fatar bagaruwa tana da nata rauni, kuma gara ki faɗa wa mai saye tun farko. Ba ta son ruwa, da damina takan yi fumfuna idan an kulle ta a leda. Ƙarfe mai tsatsa yana baƙanta ta nan take, da shi ma dukawa ke haɗa baƙin rini, saboda haka ki sa maɓallan tagulla. Wadda ke ƙarni sosai an yi gaggawar fitar da ita ne, ki mayar.

Sai batun da aka fi yin shiru a kai, wato haƙƙin masu aikin. Ki je majema da ƙafarki. Za ki ga mutum tsaye cikin ruwan toka ba safar hannu ba takalmin roba, hannunsa duk ya tsattsage, wani lokaci har da yara ƙanana. Ruwan wankin ma yakan bi kwata ya ratsa ƙofar gidajen mutane, ko da babu kuromiyam a ciki wari da ƙuda suna nan. Safar hannu da takalmi ba za su karya jarinki ba, ki saya musu, ki kuma fifita majemin da ya haƙa ramin tara ruwansa. Baduku a unguwar Madunka da ya yi kwanaki yana sara da ɗinki a kan jaka guda, kada a bar shi da "sai an sayar". Ki ba da kafin alƙalami, ki cika ranar da kika karɓi kaya, kuma idan ya yarda ki rubuta sunansa a takardar da ke cikin jakar.

Masu sayen Abuja kuwa, wanda ya ce shi sam ba ya taɓa kayan dabba, ki mutunta ra'ayinsa. Ki yi masa jakar saƙi ta auduga ko ta kaba, ki yi mata shafi da ragowar atamfa daga wurin tela.