Kafin a buga kalanda, ku nemo waɗanda take ɗauke da su

Allah ya jiƙan Hajiya, ya kyautata makwancinta, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, kin ce kanku ya rabu: wasu na so a buga kalanda da jakunkuna a raba ranar arba'in, wasu na cewa a haƙa burtsatse da sunanta. Mun sha irin wannan muhawara da Innarmu ta rasu a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana.

Ni dai shawarata, kada ku kashe ko kwabo sai kun zauna da matan da suka fi kowa kuka a zaman makoki, musamman waɗanda ba ku san fuskarsu sosai ba. Tsofaffin nan ba sa faɗa wa 'ya'yansu abin da suke yi. Mu abin da muka sani shi ne Inna na soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa, ita ce uwar adashin layinmu, kuma duk haihuwar da aka yi a unguwa ita ke dama kunun kanwa ta aika wa mai jego. Sai bayan an share makoki wata bazawara ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗaki, ta ce duk ƙarshen wata Inna ke auna mata tiya biyu ta masara, a kai mata bayan isha'i don kada maƙwabta su gani. Wata kuma ta nuna mana kwanuka da zannuwan gado da Inna ke tara wa wata marainiya a ƙarƙashin gadonta. Ga almajirai uku da kwanonsu ke jiran tuwo kowane dare. Ranar da aka kai Inna makwancinta, duk wannan ya tsaya cak, ba kuma wanda zai iya buɗe baki ya roƙe mu.

Muka raba a tsakaninmu. Yaya ya ɗauki masara, ni na ɗauki tuwon almajirai, ƙannenmu mata suka ƙarasa kayan ɗakin yarinyar har ta tare a Tudun Wada. Akwai hadisin Ibn Umar a Sahih Muslim da ya nuna cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya, don haka ƙawayenta ma mukan kai musu goro da turmin atamfa da salla.

Ku fara duba bashi tukuna. In Hajiya tana riƙe da adashi, a nemo wanda bai kwasa ba a sallame shi kafin a yi maganar gado.

Burtsatse kuwa ba na kushe shi. Sa'ad bin Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya. Duk wanda ya zauna a Zariya ya san abin da 'yan garuwa ke ci a aljihun magidanci da rani. Sai dai na ga burtsatsai da yawa da suna rangaɗa-rangaɗa a jikin tanki, famfo ya mutu tun shekarar farko, awaki na kwana a gindi. In za ku yi, ku sa sola, ku damƙa shi hannun kwamitin masallaci ko mai unguwa, ku kuma ware kuɗin gyara tun yanzu.

Batun taron arba'in malamai sun saɓa, ku tambayi naku. Kalanda dai, ta gidanmu da wani ɗan'uwa ya dage ya buga, da idona na ga an naɗe ƙosai da ita a Sabon Gari.