Bashin manhajar waya don ƙarin jari

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka ci bashin manhajar waya ka ƙara jarin shagonka. Fara duba wa'adin biya. In kayanka sai sun yi wata biyu suke ƙarewa, bashin sati biyu uwar kuɗinka zai taɓa. Kuma ka tambaya, ruwan da aka rubuta na wata ne ko na shekara?

Kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho. Wasu manhajojin har kiran mutanen cikin wayarka suke yi su tozarta ka, irin wannan hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu sayayya a Najeriya, ake kai wa ƙara.

Ni dai, gara ka karɓi kaya bashi wajen dilanka. In kuɗin da yawa, tambayi bankin Jaiz tsarin murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar maka da ribar da kuka amince, ka biya daga baya, kuma akanta ya duba maka takardar kafin ka sa hannu.