Tambaya da Amsa: Yadda ake farfaɗo da tsohon sinkin silba domin aikin gareji

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sinkin silba na hannu da niyyar in kafa shi a garejina domin wanke hannu da kayan aiki. Bayan na kawo shi sai na lura da ɗigo-ɗigon tsatsa a cikinsa, da wani farin datti da ya daskare a bakin magudanarsa, ga ƙarzuwa ko'ina, gefe guda kuma ya lotsa. Wani ya ba ni shawarar in dirje shi da soson ƙarfe da bilic. Shin zai gyaru, ko kuwa na yi asarar kuɗina? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka yi asara ba, amma ka ajiye shawarar nan gefe, domin soson ƙarfe da bilic su ne kan gaba wajen lalata irin wannan sinki.

Abin da ke hana ƙarfen silba (wanda ake kira stainless steel da Turanci) yin tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da aka gauraya a cikinsa, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari. Idan kuromiyam ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce ke kare ƙarfen, kuma ko an ƙarce ta takan sake haɗuwa da kanta matuƙar wurin yana da tsabta kuma iska tana taɓa shi. Soson ƙarfe yakan bar ɓurɓushinsa maƙale a jikin sinki, kuma wannan ɓurɓushin ne ke yin tsatsa bayan 'yan kwanaki, mai sinki ya ɗauka kayansa ne ya lalace. Shi kuwa bilic yana ɗauke da kulorin, wanda ke cinye fatar nan ya bar ƙananan ramuka kamar na allura. Saboda haka mafi yawan tsatsar da ake gani a tsohon sinki baƙuwa ce, ta fito ne daga gwangwani ko ƙusa ko wuƙar da aka bari a cikinsa a jiƙe.

Kafin ka ɓata ƙarfinka, ka gwada shi. Ka toshe magudanar, ka cika shi da ruwa, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa, ka bar shi ya kwana. Sannan ka bi ɗigon tsatsar da farce: idan a sama take, farcen zai wuce sumul, idan kuwa ya maƙale a rami, to ƙarfen ya ciwu a wurin. Kana iya kara masa maganaɗisu kuma. Nau'in silba mai lamba 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ba ya kama maganaɗisu sosai, sai dai ɗan kaɗan a kusurwoyin da aka lanƙwasa, alhali nau'in 430 yana kamawa gam kuma bai kai shi jure tsatsa ba. Kowannensu zai yi aikin gareji, sai dai na biyun ya fi bukatar a riƙa tsane shi.

Wajen wanki, ka fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke domin maiƙo ya fita, tun da babu maganin tsatsar da ke aiki a kan maiƙo. Farin dattin nan na bakin magudana gishirin ruwa ne da ya taru; ka jiƙa tsumma da ruwan khal, ka lulluɓe wurin na kimanin rabin awa, zai yi laushi ya fita. Tsatsa mara ƙarfi takan fita da bekin soda da aka kwaɓa da ruwa kaɗan. Wadda ta yi taurin kai kuwa sai hodar goge-goge mai asid ɗin oksalik, irin su Bar Keepers Friend, a shafa, a bari minti ɗaya kacal, a goge da soson roba, a ɗauraye sosai. Ka sa safar hannu, kuma kada ka kuskura ka haɗa khal ko wani asid da bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, garejin da ke rufe kuwa ya fi ko'ina haɗari.

Idan ka kalli jikin sinkin daf da haske, za ka ga wasu siraran layuka da suka miƙe gefe guda. Duk gugar da za ka yi, ka bi su, kada ka gitta su, kada kuma ka yi ta zagaye. Ƙarzuwa mai zurfi ana rage ta da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 400, a koma 600, a ƙarasa da 800. A ganina dai sinkin da zai ƙare rayuwarsa yana karɓar sifana da giris bai cancanci a kwana ana neman ƙyallinsa ba. Ka fitar da ƙarzuwar da ke riƙe datti, ka bar sauran.

Lotsawar ba ta da wuya. Ka kifa shi a kan katako, ka ɗora wani guntun katako a bayan wurin, ka riƙa bugawa a hankali da gudumar roba daga gefen lotsawar zuwa tsakiyarta. Idan gwajin ruwa ya nuna huda, ka nemi mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas ta agon, domin waldar yau da kullum takan ƙone ƙarfe mara kauri irin wannan. Idan hudojin sun yi yawa a ƙasan sinkin, gyaransa bai kai wahalarsa ba.

Kayan magudana kuwa ka canza su gaba ɗaya, domin robobinsu sukan bushe su tsattsage. Ka kankare tsohon silikon, wato danƙon da aka liƙe bakin magudanar da shi, ka auna faɗin ramin magudanar kafin ka sayi sabo (galibi milimita 90 ne a sinkin kicin na zamani), kuma kada ka manta da sa lanƙwasasshen bututun nan na ƙasa, wanda ke riƙe ruwa ya hana wari dawowa. Ka ɗora sinkin a kan ƙafafu masu ƙarfi, nesa da inda kake yanka ko gurzar ƙarfe, saboda tartsatsin da ke sauka a kansa zai dawo maka da tsatsar da ka fitar. Baƙin mai da fetur da tina da ruwan batir ba a zuba su a ciki: suna cinye roba, suna gurɓata ruwan ƙasa, ruwan batir kuma yana cin ƙarfen kansa. Ka tanadi jarka mai murfi domin baƙin mai, wata kuma daban domin fetur da tina, ka kai su inda ake karɓarsu.