Amsa ga mai shirin zuwa taron masoyan Dark Shadows

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo, na kuma ga hoton sanarwar. Ka ce taron masoyan Dark Shadows ne, tsohon shirin talabijin nan na Amurka mai ban tsoro, a garin Tarrytown na jihar New York, kana tambaya wane kaya za ka sa, kuma ko tikitin kwana ɗaya ya isa. To, maganar kaya ita ce ta ƙarshe, ka ajiye ta tukuna. Abin da na fahimta a muryarka shi ne kana tsoron ka kashe kuɗi ka dawo ba ka ga kowa ba, ba ka samo komai ba. Wannan zan amsa maka.

Ka fara da lissafin shekaru. An fara nuna shirin nan a tashar ABC ran 27 ga Yuni 1966, aka rufe ran 2 ga Afrilu 1971. Wanda ya yi wasa a lokacin yana saurayi, yau ya doshi 80 ko ya haura. Jonathan Frid, wato Barnabas kansa, mai shan jinin nan da ya zama tauraron shirin, ya mutu a 2012. Dan Curtis da ya ƙirƙiro shirin ya riga shi, tun 2006. John Karlen ya bi a 2020, Lara Parker da ta fito a Angelique a 2023. Joan Bennett da Grayson Hall kuwa tuni. Saboda haka duk taron da ka ga an sa sunan David Selby, wanda ya fito a Quentin, ko Kathryn Leigh Scott, cikin 'yan wasan da suka rage, don su ake zuwa. Sauran abubuwan, nunin tsofaffin kashi, gasar kaya, gwanjo, duk suna iya jira. Tsohon da ya zauna a tebur yana sa hannu ba zai jira ka ba, in ya gaji zai tashi, kuma yana da gaskiya.

Tikitin kwana ɗaya? In dole ne ɗaya, ɗauki Asabar, nan ake tara manyan zama. Amma kar ka biya sai ka ga jadawali. Sanarwa takan jera sunaye goma, ba ta gaya maka cewa wane Lahadi kaɗai zai zo ba. Ka tura wa masu shirya taron tambaya a rubuce: wa zai zauna wace rana, ƙarfe nawa, abu nawa ake sa wa hannu ga mutum ɗaya, kuma sa hannun na cikin kuɗin rajista ne ko daban ake biya a tebur. Ka tambayi liyafar dare ma, don yawanci tikitinta daban ne kuma kujeru a ƙidaye suke. In za ka ci, tun wajen rajista ka ce kifi ko ganye kake so, kuma kar a dafa da giya. Ranar ba mai sauraronka, an riga an ƙirga faranti.

Hanya ba ta da wuya tunda kana Bronx. Jirgin ƙasa na Metro-North, layin Hudson. Ba sai ka gangara Grand Central ba, yana tsayawa a Harlem titi na 125, yana tsayawa a Marble Hill, ka duba dai wanda za ka hau ya tsaya a tasharka don masu gudu suna tsallake wasu. Daga Grand Central zuwa Tarrytown bai kai awa ɗaya ba. Sayi tikiti a na'ura ko a waya kafin ka hau, a cikin jirgi ya fi tsada. Zauna ta hagu in kana tafiya arewa, kogin Hudson na gefenka har ka sauka. Daga tasha zuwa Lyndhurst, tsohon gidan tarihin nan da ke Tarrytown, wajen mil 2 ne, hau tasi, kar ka ce za ka taka da jaka da takalmin kwalliya.

Yauwa, Lyndhurst. Nan ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a gidan nan ma an maimaita shi jiya. Wani ya rubuta wai za ka je ka ga gidan da ake nunawa a farkon kowane kashi. Ba shi ba ne! Gidan da ke fitowa a talabijin a matsayin Collinwood, wato gidan da labarin ke faruwa a ciki, Seaview Terrace ne, yana Newport a jihar Rhode Island, tafiyar wajen awa 3 a mota daga Tarrytown. Kuma gidan mutane ne, daga bakin titi ake kallonsa, ba a kutsawa. Lyndhurst kuwa shi ne Collinwood na finafinan silima guda biyu da Dan Curtis ya yi a 1970 da 1971. Cikin gidan na talabijin ma ba gida ba ne, ɗakin ɗaukar hoto ne a Manhattan, titi na 53 ta yamma. Garin Collinsport na cikin labarin da aka ce yana jihar Maine babu shi a taswira, wasu hotunan garin a Essex ta jihar Connecticut aka ɗauka. Mutum ya biya kuɗi ya shiga Lyndhurst yana neman matattakalar da ya saba gani a shiri, bai same ta ba, ya fito yana cewa an yaudare shi. Wa ya yaudare ka? Ba ka bincika ba ne. Abin da ke haɗa harabar Lyndhurst da shirin talabijin shi ne tsohon gidan Barnabas, mai ginshiƙan nan farare. Hoton wajensa na wani gida ne da ke wannan yanki, kuma ya ƙone a 1969, don haka shi ma kar ka je kana nemansa.

Amma Lyndhurst ɗin kansa ya isa a je dominsa. An fara gina shi a 1838, attajirin jirgin ƙasa Jay Gould ya saye shi a 1880, fili eka 67 a bakin kogi. Shiga ciki da ɗan rakiya ne kuma da lokaci, ka sayi tikitin awar da kake so tun kafin ranar, don in masoya suka cika gari gurbi na ƙarewa. Ƙaramar jaka za ka riƙe, ka kashe filashar waya, kar ka jingina da komai. Kuma ka sa ziyarar a lokacin da bai ci karo da layin sa hannu ba. Maƙabartar Sleepy Hollow ma tana kusa, an ɗauki wani ɓangare na fim ɗin 1970 a can. In ka leƙa, ka tuna maƙabarta ce ta gaske, akwai masu zuwa ziyarar 'yan'uwansu, ba wurin ihu da haƙoran roba ba ne.

To ga abin da na fi so ka riƙe, layin sa hannu. Ka zo aƙalla minti 45 kafin lokacin da aka rubuta. Kuɗi a hannu, ƙananan takardu, dala biyar-biyar, goma-goma, ashirin-ashirin, don ba kowane tebur ke karɓar kati ba, kuma na'urar cire kuɗi ta otal takan ƙare ranar Asabar. Abu biyu za ka kai, uku in ya yi yawa. Wanda ke zuwa da akwati cike da mujallu ya zube a gaban tsohuwa mai shekara 80, mutum 100 na tsaye a bayansa, wallahi ba ƙauna ba ce, kasuwanci ne, gobe za ka ga kayan a intanet da farashi. Kar ka zama shi.

Sai alƙalami. Mutane na raina wannan, alhali nan ake asara. Hotunan shirin nan duhu ne, baƙar riga, baƙin bango, kyandir ɗaya. In aka sa hannu da baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, a kan hoto mai duhu, ba za ka ga komai ba sai ka karkata shi a haske. Hoto mai duhu, maka ruwan azurfa ko ruwan zinare. Hoto mai haske, baƙa ko shuɗiya. Ita maka mai fenti kuma tana da hali. Ka girgiza ta da murfinta a rufe kamar sakan 30, ka danna bakin a kan wata takarda daban har fentin ya sauko, ka ja layi biyu ka ga yana tafiya sumul, sannan ka miƙa. In ka miƙa sabuwa fil ba ka gwada ba, ko ta ƙi rubutu, ko ta tsiyayo ɗigo ƙato a kan fuskar Quentin, shi ke nan hoto ya tafi. Biro ba ya kama hoto mai sheƙi, zamewa yake ya bar shaida kawai. A shafin littafi kuwa biron ne daidai, maka tana ratsa takarda ta ɓata shafin baya. Ka je da biyu na kowace, ɗaya na iya bushewa.

Kuma bayan an sa hannu, kar ka tura hoton cikin leda nan take. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa. Mutum ya yi awa biyu a layi, ya karɓa, murna ta sa ya cusa a jaka, fenti bai bushe ba, ya manne da leda, in ya zo cirewa rabin sunan ya bi ledar. Riƙe shi ta gefe, a kwance, minti 2 zuwa 3, kar ka hura da baki. Sannan ya shiga roba mai tauri mai girman inci 8 da 10, irin girman hotunan da ake sayarwa ke nan. Leda mai laushi mai warin roba kar ka bar shi a ciki, da daɗewa tana ɗaga tawada. A gida kuma kar ka rataye inda rana ke bugawa, baƙar maka tana koɗewa ta koma ruwan ƙasa.

Af, sunanka. Rubuta shi da manyan baƙaƙe a ƙaramar takarda mai manne ka liƙa a gefen hoton. Baturiya 'yar shekara 80 cikin hayaniya ba za ta ji sunanmu daidai ba, za ta rubuta abin da kunnenta ya ba ta, kuma maka ba ta goguwa. In hoto kake so da ita, tambaya tukuna, ka buɗe kyamara tun kana layi, ka ba na bayanka wayar. Magana ɗaya za ka shirya, gajera. Kar ka tambaye su me ya faru a kashi kaza. Mutanen nan kashi biyar suke yi a mako, kusan ba a tsayawa gyara, shi ya sa kake ganin makirufo ya leƙo ta sama ko dutsen kabari na rawa. Sun haddace yau sun manta gobe, shekara sama da 50 ke nan. Ka tambayi yadda aiki da wane ya kasance, nan bakinsu ke buɗewa.

Ka ce ba ka gama kallo ba kana jin kunya. Kashi 1,225 ne, wajen awa 450, wa zai gama kafin taro? Lambobin ma har 1245 suka kai saboda an riƙa tsallake lamba duk ranar da ba a nuna ba. Fara daga 210, inda aka buɗe akwatin Barnabas, a Afrilun 1967. Sai ka bi inda labarin ya koma baya zuwa shekarar 1795, wajen kashi na 365, nan asalin rigimarsa da Angelique yake. Sai 1897, daga 701, zamanin Quentin. In ka san waɗannan, duk hirar da ake yi a zaure za ka bi. In aka ambaci 1219, shi ne kashin da hotonsa ya ɓata, aka haɗa shi daga sautin da wani mai kallo ya naɗa a gida.

Ɗakin 'yan kasuwa, zagaya sau ɗaya ba ka sayi komai ba, ka ga farashi. Abin da ke da ɗaya tak ka saya nan take, abin da ke jibge ka bari sai Lahadi da yamma, ba mai son komawa da kaya. Hoton da aka ce Frid ya sa wa hannu, ka tambayi daga ina ya fito, tunda mutumin ba ya nan balle ya shaida. Faifan DVD kuma, wannan babban mai siffar akwatin gawa faifai 131 ne, nauyi gare shi. In za ka aika gida, ka sani mai yiwuwa ba kowace na'ura ke karanta shi ba, a gwada da faifai ɗaya kafin a biya kuɗin kaya. Gwanjo kuwa, rubuta iyakar kuɗinka a takarda kafin a fara, in an wuce ka sauke hannu.

To kayan da ka tambaya. Ba dole ba ne, yawancin mutane riga da wando suke zuwa da su. In Barnabas kake so, abu uku ne: doguwar baƙar riga mai kama da alkyabba, zobe mai baƙin dutse, da sanda mai kan kyarkeci. Sa su lokacin gasa kawai, rigar tana da zafi kuma tana jan ƙasa a layi. Sandar ka tabbata ba mai wuƙa a ciki ba ce, a ƙofa za a karɓe. Haƙoran roba masu ƙwayoyin da ake narkarwa a ruwan zafi, ka gwada su a gida kwana biyu kafin nan, ka cire in za ka yi magana da mutane. Da rana takalmi mai taushi da 'yar rigar sanyi, don zauren otal na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Ruwa, dabino ko gyaɗa a jaka, da abin cajin waya.

Salla kuma, duba jadawali tun safe ka ga inda Azahar da La'asar suka faɗa. In ba ka kama ɗaki ba, ka tambayi masu karɓar baƙi wani lungu da ba kowa, ka je da ƙaramar darduma. In lokacin ya same ka a layi, gaya wa na bayanka ya riƙe maka wuri, suna yi.

Turo mini jadawalin da zarar sun amsa maka, in duba maka wace awa za ka saya ta Lyndhurst. Ka gai da Hajiya.